Darasin Wannan Wata: Fushin Yaro Lokacin Yaye

A Tudun Wadan Zariya, kamar sauran ƙasar Hausa, ana yaye yaro idan ya kusa shekara 2. Sau da yawa akan kai shi gidan kakarsa. A rana ɗaya ya rasa nono, ya rasa goyo, ya rasa ganin uwa. Sai ya yi ta kuka da birgima, ya ƙi cin abinci. Wasu su ce taurin kai ne, su ɗauko bulala.

Likitocin yara sun ce irin wannan fushi ya fi yawa daga shekara 1 zuwa 3. Sashen ƙwaƙwalwa mai danne fushi ba ya gama ƙosawa sai mutum ya wuce shekara 20. Ga shi kuma yaro bai iya faɗin abin da ke damunsa ba. Duka yana sa shi ya yi shiru don tsoro, amma damuwar tana nan.

Ga abin da ya kamata uwa ko kaka ta yi:

1. Ta fara kwantar da nata hankalin. Kada ta yi tsawa, kada ta jijjiga shi.
2. Ta durƙusa daidai tsayinsa, ta faɗa masa sunan abin da yake ji: "Ka yi fushi, kana kewar Inna."
3. Ta hana shi cizo da jifa, amma ta bar shi ya yi kukansa.
4. Idan ya huce, ta rungume shi, ta ba shi ruwa ko kunu.
5. Kada ta tsorata shi da dodo.

A hankali yaro zai koyi cewa "na yi fushi" da bakinsa, maimakon ya kai hannu.

Wani yaron yakan yi kuka har numfashinsa ya ɗauke, ya sume na ɗan lokaci. A kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa komai a baki. Ƙarancin jini yana iya ƙara wannan. A kai shi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi:
1. Me yaro yake rasawa ranar yaye?
2. Me ya sa duka ba ya maganin fushi?