Wuƙar Gidanmu: Ta Zamanin Bello Ce?

A gidanmu na Wurno akwai wata wuƙar hannu, wai tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello take, wanda ya rasu a garin a 1837. Da dillali ya taya, sai na kai ta wurin wani tsohon maƙeri a Rabah.

Ya ce in manta da kube, dukawa na sabunta shi. Ƙarfen ake dubawa. Wanda aka narko daga tama ba ya rasa zanen kashin maƙera a jikinsa. Namu kuwa sumul, sifirin mota aka buga. To, ina mota kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903? Ƙotar kuma, mai siffar gicciye, samfurin Buzaye ce.

Har yau ban gaya wa Baba ba.