Harafi ɗaya cikin jini

Ƴan'uwa, ku dubi kalmomin nan biyu: baki da baƙi. Bambancinsu ƴar ƙugiya ce bisa harafi ɗaya, amma ma'ana ta sake gaba ɗaya. To jikin mutum ma yana da nashi rubutu. Allah ya ajiye shi cikin ƙananan ƙwayoyin jikinmu, waɗanda ido ba ya gani. Masana suna ce mashi ADN. Haruffansa huɗu ne kawai, A, C, G da T, amma sun jeru har wajen miliyar 3. Rabi daga uwa, rabi daga uba. Shi ne ke faɗa ma ƙashi ƙaƙa zai tsawo.

A shekarar 2003 aka bayyana cewa an karance rubutun ɗan Adam, bayan aikin shekara 13. Yau ana ɗibar jini kaɗan, inji ya karanta haruffan, kwamfuta ta nemo wurin da aka samu kuskure.

Mi ya haɗa wannan da girman yara? Mu fara da gaskiya: a ƙasarmu, yawancin yaran da suka tsumbure tamowa ce ta kama su, ko yawan zawo, ko ƙarancin abinci mai gina jiki. Waɗannan ba su bukatar inji. Amma akwai yaro ɗaya-ɗaya da ke ci yana ƙoshi, ba ya ciwo, tsaransa kuma suna wuce shi. Wanga yaro, wataƙila matsalarsa cikin rubutun take.

Kun san wada, mai gajerun hannuwa da ƙafafu da babban kai. Irin wadancin da ya fi yawa yana samun kamar jariri ɗaya cikin 25.000. Namiji in ya girma yakan tsaya wajen metir 1 da santimetir 30, hankalinsa kuwa daidai da na kowa. A 1994 aka gano dalilin. Kusan dukansu harafi ɗaya ne ya sake, a wuri ɗaya: inda ya kamata a ga G, sai ga wani. Shi ke nan. Kuma wajen 8 cikin 10 iyayensu masu tsawo ne, kuskuren sabo ne, wajen yaron ya fara. An lura ya fi faruwa in uban ya manyanta. Ke nan masu cewa uwa ta yi tafiyar dare ta gamu da iska, ko ta ci wani abu da ciki, sun ɗora mata laifin da ba nata ba.

Wannan iri, lokotoro yakan gane shi da ido da hoton ƙashi. Sai dai cututtukan ƙashi na gado sun fi iri 400, wasu sun yi kama da juna kamar tagwaye. Akwai kuma waɗanda ba daga ƙashi suke ba. Nan ne karatun jini ke da amfani.

Ga misali. A 1966 wani lokotoro na ƙasar Isra'ila, Zvi Laron, ya bayyana wani ciwo da yanzu ake kira da sunansa. Jikin yaron yana yin sinadarin girma da yawa, amma jikin ba ya jin shi. Kamar mabuɗi ne yana hannu, kwaɗon ne ya lalace. In aka yi ma wanga yaro allurar sinadarin girma, wadda ke taimakon wasu gajerun yara, an zubar da kuɗi ne, an kuma sha mashi wuya banza. Maganinsa daban ne, kuma sai an fara tun ƙashi bai rufe ba. Kun ga dalilin da ya sa sanin sunan ciwo da wuri yake da nauyi.

Ciwon Laron gadonsa irin na emasi ne. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da kuskuren, su kuwa lafiyarsu lau. Kowane ciki, akwai rabo ɗaya cikin huɗu yaron ya fito da shi. Shi ya sa ya fi bayyana inda ake yawan auren zumunci. A ƙauyukan kudancin Ekwador, can Amurka ta Kudu, an samu wajen mutum 100 masu shi. Abin mamaki, da wuya su kamu da ciwon sukari ko kansa, masana na nan suna binciken dalili.

Awon yana da tsada, kuma ba kowace likita ke da injin ba. Lokotoro ma ba da shi yake farawa ba. Zai fara tambaya: mi yaron ke ci? Ƙaƙa tsawon uwa da uba? Akwai zumunta tsakaninku? Akwai mai irin haka cikin dangi? Sannan ya ce a ba shi karnen awon yaro, ya ga watan da tsawon ya fara tsayawa. Uwaye, ku adana karnen nan inda gara da ruwa ba su kai gare shi, ku kuma riƙa duba abin da aka rubuta ciki, tunda yanzu kuna iya karantawa da kanku.