Hanyar Saƙon Bushiya: Rawarta a Ginin Jikin Ɗan Tayi da Haddasa Cuta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ɗaya daga cikin hanyoyin da ƙwayoyin halitta ke aika wa juna saƙo, wato Hanyar Bushiya. An nuna cewa saƙon da ke tsara gaɓoɓin ɗan tayi shi ne kuma ke haifar da nakasa idan ya gaza, ya haifar da sankara idan ya ƙi tsayawa.

1.0 Gabatarwa

Jikin ɗan Adam yana farawa ne daga ƙwayar halitta guda, wadda ke rarrabuwa har ta zama ido da ƙashi da ƙwaƙwalwa. Kusan dukkan ƙwayoyin nan bayanan gado iri ɗaya suke ɗauke da su. Abin tambaya shi ne, yaya kowace ƙwaya ke sanin matsayinta da aikinta? Amsar tana cikin saƙonnin da maƙwabtanta ke aiko mata.

2.0 Asalin Suna

A shekarar 1980, Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus, waɗanda suka yi aiki a Heidelberg ta ƙasar Jamus, sun bayyana jerin ƙwayoyin gado masu tsara jikin ƙudan 'ya'yan itace. Idan ɗaya daga cikinsu ta lalace, tsutsar ƙudan takan fito gajeruwa, jikinta cike da ƙayoyi kamar bushiya, shi ya sa suka raɗa mata sunan wannan dabba. Aikin ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1995. A 1993 aka gano takwarorinta a dabbobi masu shayarwa, guda uku: Sonic da Indian da Desert. Samun tsari guda a ƙuda da kaza da mutum ya nuna daɗewarsa cikin halittu.

3.0 Yadda Saƙon ke Tafiya

A jikin ƙwayar da za ta karɓi saƙo akwai furotin mai suna Patched, wanda ke aiki kamar mai gadin ƙofa: yana danne wani furotin, Smoothened, ya hana shi motsi. Da zarar furotin ɗin Bushiya ya iso ya manne wa Patched, sai mai gadin ya saki. Smoothened ya farka, ya tayar da furotin na rukunin Gli, su kuma su shiga cibiyar ƙwayar su kunna wasu ƙwayoyin gado. Ke nan a bisa asali hanyar a rufe take, saƙo ne ke buɗe ta na ɗan lokaci.

4.0 Rawarta a Ginin Jiki

Ƙarfin saƙon yana raguwa gwargwadon nisa daga inda ya fito, kuma da wannan ƙwaya ke gane wurinta. A tohon hannu, saƙon Sonic yana fitowa daga ɓangaren ƙaramin yatsa, babban yatsa kuwa yana tsirowa a can nesa da shi. Da aka sanya saƙon a ɗaya gefen tohon fiffiken ɗan tayin kaza, sai yatsu suka ninku, suna kallon juna kamar a madubi. Hausawa sun san yatsa na shida har suna kiran mai shi Cindo. Wasu nau'o'in wannan ƙari suna da alaƙa da sauyi a ƙwayar gadon GLI3 ta wannan hanya. Haka kuma saƙon ne ke raba gaban ƙwaƙwalwa gida biyu, ya raba mazaunin idanu.

5.0 Rawarta a Cuta

Illar gazawar saƙon ta bayyana a jihar Idaho ta Amurka a shekarun 1950, inda tumaki suka riƙa haihuwar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar fuska. Bincike ya gano cewa iyayen sun ci wani tsiro, Veratrum californicum, wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki. Sinadarin da ke cikinsa yana toshe Smoothened.

Akasin haka, idan Patched ya lalace, hanyar takan zauna a buɗe, ƙwayoyi su yi ta rarrabuwa ba ƙaƙƙautawa. A 1996 aka danganta wannan da cutar Gorlin, wadda masu ita ke yawan kamuwa da sankarar fata, wasunsu kuma da wata sankarar ƙwaƙwalwa ta yara. A 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin vismodegib, mai toshe Smoothened, domin sankarar fata da ta yi nisa. Sai dai an haramta shi ga mai juna biyu, domin zai iya yi wa ɗan tayinta irin ɓarnar da tsiron ya yi wa 'ya'yan tumakin.

6.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa amfanin Hanyar Bushiya ko illarta ya rataya ne ga yawan saƙon da wurinsa da lokacinsa. Toshe Smoothened magani ne ga baligi mai sankara, amma guba ne ga ɗan tayin da ke cikin makonninsa na farko. Saboda haka, duk wani magani da zai taɓa wannan hanya dole ne a auna wa za a ba, kuma a wane lokaci.