TSUNTSAYEN KAKA: WANE NE ABOKIN MANOMI?

Manomin da ke yini a gona cikin watan Satumba da Oktoba, kadan ya ɗaga kai ya dubi sama, zai ga tsuntsaye na ta kai da kawowa. Waɗansu suna barin ƙasar, waɗansu suna isowa. Ya kamata ya san su, domin a cikinsu akwai masu taimakonsa, akwai kuma masu ɓarna.

Na farko ita ce shamuwa. Kowa ya san takan zo da ruwan fari, ta yi sheƙa cikin gari. Da damina ta ƙare sai su taru garke-garke, su nufi gabashi da kudancin Afirka, inda ruwa ke sauka a lokacin. Abincinta fara da tsutsa. Saboda haka tafiyarta alama ce ruwa ya kusa ɗaukewa, a shirya rumbu.

Na biyu su ne baƙi daga Turai. Sanyi ke koro su, gama yakan kashe ƙwarin da suke ci. A cikinsu akwai tsattsewa, da agwagin ruwa, da wata farar shamuwa mai jan baki da jan ƙafa. Sukan ƙetare hamadar Sahara, tafiyar fiye da mil 1,000. Ƙananan cikinsu sai sun tara kitse tukuna, shi ne guzurinsu. Da yawa sukan sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin tafkin Chadi, sa'an nan su koma wajen watan Maris da Afrilu.

Yaya aka san haka? A shekarar 1822 aka harbe wata farar shamuwa a ƙasar Jamus, aka tarar da mashin Afirka soke a wuyanta. A 1899 kuma wani malamin makaranta a ƙasar Denmak ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Har yanzu ana yi. Wanda ya tsinci tsuntsu mai zobe, sai ya sa a rubuta masa lambar, da ranar, da sunan garin, ya kai wa malamin gona ko malamin daji.

Na uku shi ne jan baki, babban abokin gaba. Shi ba baƙon Turai ba ne, cikin Afirka yake yawo yana bin 'ya'yan ciyawa. In ya fāɗa wa gero ko dawa ko shinkafa dubu-dubu, sai manomi ya tashi a tutar babu.

To, ga abin da ya kamata a yi:

1. Hatsi ya nuna, a girbe da wuri, kada a bar shi tsaye.
2. A duba inda jan baki ke kwana, a sanar da malamin gona.
3. A hana yara harbin shamuwa da tsattsewa, ma'aikata ne ba lada.
4. Kada a zuba guba bakin ruwa, tana kashe mai laifi da marar laifi.
5. A raba kaji da tsuntsayen fadama. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya a 2006, ta jawo hasarar kaji masu yawa. In an ga mataccen tsuntsu kada a ci, a kai rahoto wurin malamin dabbobi.

Wanda ya iya rubutu, ya riƙa rubuta ranar zuwan shamuwa da ranar tafiyarta kowace shekara. Bayan 'yan shekaru littafin zai taimake shi sanin lokacin shuka da na girbi.