Abu uku bayan sallar Isha: shawara daga ɗakin gashi

Ciwon shanyewar ɓarin jiki yana kayar da zuciya kamar yadda yake kayar da hannu da ƙafa. Magidancin da jiya shi ke cefane, yau sai an ɗaga shi an kai shi bayi. Binciken likitoci a ƙasashe daban-daban ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira daga wannan ciwo yakan faɗa cikin matsananciyar damuwa. Mu masu aikin gashi, wato fisiyo, mukan riga kowa ganin alamar, domin wanda zuciyarsa ta karaya ba ya motsa jiki. Za ka koya masa atisaye a asibiti, ya koma gida ya kwanta ya juya wa bango fuska, ranar da zai dawo gaɓoɓin sun ƙara sanƙarewa.

Kuma ba za ka gane a bakinsa ba. "Baba, yaya jiki?" "Da sauƙi, Alhamdulillahi." Haka wanda ya samu sauƙin yake cewa, haka wanda ya kwana yana kuka yake cewa. Tarbiyya ce mai kyau, ban raina ta ba, amma hamdalar da ta zama amsar gaisuwa takan fita daga baki zuciya tana wani wuri. Shi ya sa nake ƙara tambaya ɗaya: "A kan me, Baba? Faɗa mini abu guda na yau."

Akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, da hannunsa na dama ya mutu. Da na yi masa wannan tambaya sai ya yi shiru har ɗansa ya fara amsawa a madadinsa. Na ce, "Malam, ƙyale shi." Can ya ce, "Da asuba ni na karkata buta da kaina." Ɗan bai ma lura an yi haka ba. Shi kuwa dattijon, da ya ji maganar ta fito daga bakinsa, sai ya dubi hannun kamar ranar ya fara ganinsa.

Ga abin da nake ba marasa lafiyana su tafi da shi gida. Bayan sallar Isha, idan an gama tasbihi da hamdala da kabbara talatin da uku-uku, kada a tashi daga kan darduma. A ambaci ni'ima uku na wannan yinin, kowacce da sunanta, a kuma faɗi ta hannun wa Allah Ya kawo ta. "Lafiya da zaman lafiya" ba ta shiga lissafi, ta yi faɗi da yawa. Abin da nake so shi ne irin su: yau na haɗiye koko ban ƙware ba, maƙwabcina ya kawo ni asibiti a babur ɗinsa, jikata ta zauna ta yanke mini farce. In da hali, da hannun da ya shanye za a ƙirga, ana lanƙwasa yatsa ko ana jan ƙwayar carbi, ko da sai ɗaya hannun ya taimaka. An jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan, tunda motsa yatsun ma aikin gashi ne. Mai karatu ya rubuta a ɗan littafi, da boko ko da ajami. Wanda ba ya rubutu ya faɗa wa mai jinyarsa. Marasa lafiyana Kirista suna yin nasu a addu'ar kwanciya barci.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada irin wannan. A 2003 Robert Emmons na Jami'ar Kalifoniya da Michael McCullough na Jami'ar Miami a Amurka suka wallafa bincike, ciki har da rukunin masu ciwon jijiya da tsoka da aka sa suna rubuta abubuwan godiya kullum har mako uku. Waɗannan sun ba da labarin barcinsu ya gyaru, kuma sun fi gamsuwa da rayuwarsu. A 2005 Martin Seligman na Jami'ar Pennsylvania ya sa mutane rubuta alheri uku kowane dare da dalilin faruwarsu na mako guda, aka tarar amfanin bai gushe ba bayan wata shida, musamman ga waɗanda suka ɗore da kansu.

Wasu sukan tambaye ni batun sujadar godiya idan ƙafa ta fara takawa. Ni ba malami ba ne. Abin da na sani, Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin mustahabbi ce, a Malikiyya kuwa, wadda yawancinmu muka tashi a kanta, magana mashahuriya ita ce a yi nafila raka'a biyu. Kowa ya tambayi malaminsa. Roƙona dai, wanda bai gama samun daidaiton jiki ba kada ya zube ƙasa shi kaɗai a ɗaki.

Sai dai kada a ɗora wa wannan al'ada kayan da ba za ta iya ɗauka ba. A 2020 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio suka tattara bincike 27, suka ga tasirin atisayen godiya a kan ciwon damuwa da fargaba kaɗan ne. Yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin likita, ba ya saukar da hawan jini, wanda shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar jiki.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu dubiya suke mayar da godiya takunkumi. Mara lafiya ya buɗe baki zai faɗi abin da ke cin ransa, sai a tare shi: "Haba Alhaji, ka gode wa Allah, wane ma ya rasu." Daga ranar ya rufe baki, damuwar ta ci gaba da cinsa a ɓoye. Godiyar da ke amfani ita ce wadda mutum ya nemo da kansa bayan an saurari kukansa. Haka ma matar da ke jinya, wadda take juya shi cikin dare, take wanke shimfiɗa, kowa yana ce mata ta yi haƙuri lada take samu. Ita ma ta ƙirga nata ukun, kuma ya kamata "yau ƙanin miji ya karɓe ni na yi barcin rana" ya samu shiga cikinsu. Wannan kuwa sai dangi sun tashi tsaye.

In kuna da mai wannan lalura a gida, ku zauna da shi daren yau bayan Isha, ku tambaye shi abu uku, ku jira amsarsa ko za ta ɗauki lokaci. In kuma ya kai mako biyu ba ya cin abinci, ba ya barci, ya daina atisaye, ko yana fatan mutuwa, ku faɗa wa likitansa ba tare da jiran ranar komawa asibiti ba.