Wasiƙa ga Samarin Magarya da Dungas a kan Sawaba

'Ya'yana, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro daga cikinku, mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ya fara wasa da karatunsa, yana raba dare a fada wajen shayi, yana yaɗawa a Facebook cewa bindiga kaɗai ke ƙwato wa talaka haƙƙinsa. Hujjarsa wai Sawaba. Tunda ba shi kaɗai ke faɗin haka ba, na haɗa ku duka.

Ku fara sanin inda ƙarfin Sawaba ya fito. Djibo Bakary ya kafa jam'iyyar UDN a 1954, ta haɗe da jam'iyyar BNA a 1956, jama'a suka riƙa kiranta Sawaba, kamar yadda 'yan NEPU na Malam Aminu Kano ke kirari a ƙetaren iyaka. Mutanenta direbobi ne, da 'yan kamasho, da teloli, da ƙananan 'yan kasuwa, da manoman gyaɗa irin kakanninku, waɗanda ke tsaye gaban sikeli da kaka suna kallon wani yana yanka wa guminsu farashi. Makaminsu katin jam'iyya mai tambarin raƙumi, da taro ranar kasuwa, da bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Da wannan suka ci zaɓen Maris 1957, Djibo ya jagoranci gwamnati, Turawa na kallo.

An zalunce su, wannan ba gardama. Da Djibo ya ce a kaɗa “a'a” a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, Faransa ta turo gwamna Colombani, aka juya sarakuna, “i” ta tashi da kusan kashi 78 cikin ɗari. A zaɓen Disamba aka soke kujerun da Sawaba ta ci a Damagaram da Tasawa, a Oktoba 1959 kuma aka haramta jam'iyyar ɗungurungum. Za ku ce to me ya rage musu in ban da makami? Tambaya ce mai nauyi, amma ku dubi abin da makamin ya haifar. A Oktoba 1964 samarin da aka horar a Sin da Vietnam da Aljeriya suka kutso ta iyakoki, har da iyakar Najeriya, da zaton ƙauyuka za su tashi su mara musu baya. Ƙauyuka ba su tashi ba. A wurare da dama mutanen gari ne ma suka kama su suka miƙa wa hukuma, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, kame ya biyo baya har kan waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba. A Afrilu 1965 aka jefa wa Shugaban Ƙasa Diori Hamani gurneti a filin Idi ranar Babbar Salla. Ya tsira, ƙaramin yaro ya rasu. Wace amsa Musulmi zai ba Ubangijinsa a kan wannan jinin? Diori ya ci gaba da mulki har 1974, jam'iyyar da aka yi shekaru ana ginawa ta tarwatse, kurkuku kuwa talakawa ne suka cika shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne kuna yabon shekarar da Sawaba ta faɗi, kun manta shekarun da ta yi nasara. Mutanen can sun sha rana da ƙura kafin su shawo kan manomi ɗaya, ku kuwa kuna kishingiɗe kan tabarma kuna kiran duk wanda ya saɓa muku maci amana. Haba, 'ya'yana! Ku koma aji, ku shiga ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa, ku je wurin tsofaffin Magarya da Dungas da suka ga 1964 da idonsu ku tambaye su tun suna raye. Allah ya shirye ku, ya yi muku albarka. Wassalam.