Tsakanin Gyara da Algus: Nazarin Kwaskwarimar da Mashaya ke Yi wa Kwanson Sigarin Lantarki

Tsakure

Takardar ta bi diddigin sauye-sauyen da mashaya sigarin lantarki suka riƙa yi wa kwanson na'urar da hannunsu, tun daga shigarta kasuwannin Turai da Amurka har zuwa annobar ciwon huhu ta 2019. An ɗora nazarin a kan ra'in ƙirƙirar mai amfani na Eric von Hippel. Takardar ta gano cewa ayyuka biyu mabambanta ne ake haɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma Hausa tana da kalmomin da ke raba su, wato gyara da algus.

1.0 Gabatarwa

Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ne ya yi rajistar sigarin lantarki na zamani a 2003, aka fara sayar da shi a 2004 da sunan Ruyan. Samfurin da ya bazu a Turai da Amurka bayan haka yana da sassa uku: batir, da maɗumami, da kwanso. Maɗumamin siririyar waya ce naɗaɗɗiya wadda ke ɗaukar zafi idan wuta ta ratsa ta, tare da lagwanin da ke tsotso mata ruwa. Ruwan kuwa haɗi ne na gilisarin da firofilin gilaikol da nikotin da kayan ƙamshi. Mashayi yana zuƙar tururin ruwan ne, ba hayaƙin ganyen taba ba.

An zaɓi kalmar kwanso a nan domin ma'ajin ruwan, bisa kwatance da kwanson harsashi: ƙaramin mazubi ne da ake cika wa a masana'anta, a yi amfani da shi sau ɗaya a yar. Haka masu ƙera shi suka nufa. Mashaya ba su bi wannan nufi ba.

2.0 Gyaran Farko

Kwanson farko yana ɗauke ne da wani curin zaren roba mai kama da auduga, wanda ake jiƙawa da ruwan. Aibinsa ya bayyana da wuri. Zaren yakan riƙe wani kaso na ruwan ya hana shi gangarawa, sai wayar ta bushe, mashayi ya ji ƙauri a maƙogwaro alhali kwanson bai ƙare ba. Ga shi kuma ba ya cin ruwa mai yawa, sayen sabo kullum kuma kashe kuɗi ne.

Wajen 2009 zuwa 2010 mashaya a Amurka da Ingila suka shiga zare wannan curi suna musanya shi da abin da ke kusa da hannu. Wasu sun yi amfani da ƙyallen ragar da ake ƙunshe ganyen shayi a ciki, wasu kuma shuɗin soson da ake tace ruwan akwatin kifin ado da shi. Akwai waɗanda suka cusa guntun tsinken shan lemo domin iska ta samu hanya, akwai kuma waɗanda suka yi watsi da curin baki ɗaya suna ɗiga ruwan kai tsaye a kan maɗumamin. Da kamfanoni suka fito da kwanso mai haɗe da maɗumami, sai mashaya suka riƙa huda gefensa suna zura shi cikin wani bututu mai cike da ruwa, don ya riƙa tsotsa da kansa. Ba a jima ba masana'antu suka fara sayar da hudadden kwanso da bututunsa. Ta ɓangaren batir ma haka aka yi: kwangirin tocila aka fara mayarwa gidan babban batir kafin kamfanoni su kwaikwaya.

Wannan ya yi daidai da abin da von Hippel, malami a jami'ar MIT, ya bayyana a littafinsa Democratizing Innovation na 2005, cewa sau da yawa mai amfani da kaya shi ke riga masana'anta gano aibinsa da maganin aibin, kuma yakan bayar da dabararsa kyauta. Sigarin lantarki mai tanki da ake gani a yau, a iya cewa, ɗan waɗancan gyare-gyare ne.

Ba a nufin gyaran ba shi da haɗari. Babu wanda ya ƙera soson akwatin kifi ko ragar shayi domin su zauna kusa da waya mai zafi, kuma wayar da ta yi zafi fiye da ƙima takan farfasa ruwan ya fitar da sinadarin fomaldihaid. A watan Mayun 2018 wani mutum ya rasu a jihar Fulorida bayan na'urarsa, irin wadda ba ta da makarin wuta, ta fashe. Sai dai abin lura shi ne, mai gyara shi ne mai zuƙa. Ya san abin da ya zuba, idan ya ji ƙauri zai daina, kuma in cuta ta zo a kansa take tsayawa.

3.0 Annobar 2019

Lamarin ya sauya kama lokacin da mai cikawa ya zama daban da mai sha. A Amurka, baya ga kwanson nikotin, akwai kwanson da ake cika wa da man tabar wiwi mai ɗauke da sinadarin THC. Fankon kwanso da kwalayen da aka buga wa suna, irin su Dank Vapes, ana samun su da araha, don haka kowa na iya cikawa a ɗakinsa ya fitar kasuwar bayan fage kamar kayan kamfani. A watan Satumbar 2019 'yan sanda a jihar Wiskonsin sun gano cikakkun kwansuna fiye da 30,000 a gida guda.

Man wiwi mai kyau yana da kauri, kuma masu saye suna da gwajinsu: su kifa kwanson, su dubi kumfar iskar da ke ciki. Idan ta tashi da sauri an sirka man, idan ta yi nawa man na gaske ne. Masu cikawa sai suka nemo abin sirki da zai ci wannan jarrabawa, suka same shi a bitamin E asitet, wani mai da ake sa wa a man shafawa da ƙwayoyin ƙarin kuzari. Kaurinsa da launinsa sun yi kama da na man wiwi, ba shi da wani ɗanɗano mai tona asiri, kuma ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Ba ya cutarwa idan an haɗiye shi ko an shafa, amma huhu ba ciki ba ne. Ana kyautata zaton yana dagula siririn ruwan da ke hana jakunkunan iskar huhu manne wa juna, kuma wani bincike da aka yi a Dabilin ya nuna cewa dumama shi na iya haifar da iskar kitin mai guba.

A watan Yulin 2019 likitoci a Wiskonsin da Ilinoi suka fara ganin matasa masu sarƙewar numfashi da tari da amai ba tare da wata ƙwayar cuta ba. Cutar, wadda aka sa wa suna EVALI, ta kai ƙololuwa a Satumba. Zuwa 18 ga Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar ko suka rasu, mamatan su 68. Da aka binciki ruwan wankin huhun majinyata 51, an samu bitamin E asitet a 48 daga cikinsu, ba a kuma same shi ba a cikin lafiyayyu 99 da aka gwada. Kashi 82 cikin ɗari na majinyatan da aka samu bayaninsu sun ce sun sha kwanson THC, kuma mafi yawansu daga abokai ko dillalan bayan fage suka samo shi.

4.0 Batun Suna

Rahotanni da dama sun kira duka ayyukan biyu da suna ɗaya, wato taɓa kwanso a wajen masana'anta. Sunan EVALI kansa ya jingina cutar ga sigarin lantarki gaba ɗaya. Bahaushe ba zai haɗa su ba. Wanda ya sauya wa fitilarsa lagwani gyara ya yi. Wadda ta tsuga wa nono ruwa ta kai kasuwa algus ta yi, ko da kuwa da ƙwarya iri ɗaya suka yi aiki. Algus yana da sharuɗɗa uku da gyara ba shi da su: akwai mai saye, akwai ɓoyewa, akwai riba. Duka ukun sun cika a 2019, har da yaudarar gwajin da mai saye ya dogara da shi. Saboda haka mai fassara labarin kimiyya zuwa Hausa da ya kira abin da ya faru gyara ko kwaskwarima ya rage wa laifin nauyi, ya kuma shafa wa masu ragar shayi kashin kaji.

Dokokin da suka biyo baya sun nuna tasirin wannan ruɗani. Tarayyar Turai, tun a dokarta ta 2014, ta dubi abin da ke cikin ruwan ne: ta ƙayyade nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, tanki kada ya wuce mililita 2, ta kuma hana zuba bitamin a ruwan nikotin. Amurka kuwa, a farkon 2020, ta hana sayar da rufaffen kwanson nikotin mai ƙamshi in ban da na taba da na mantal. Damuwarta a nan yawaitar shan matasa ce, amma matakin ya zo ne cikin zafin annobar da kwanson wiwi ya jawo, kuma ya bar ƙofa a buɗe ga sigarin sha-ka-yar, wanda ya cika kasuwa nan da nan. Birtaniya ta haramta sha-ka-yar daga 1 ga Yunin 2025. Na'urar da doka ta yarda a sayar a can yanzu dole ta kasance ana iya yi mata caji, ana iya sake cika ta, ana kuma iya sauya mata waya.